Layin Imrana

"In ce ke kika ƙera abin nan da hannunki?" Kalilu ya ce, yana buga sandarsa a ƙafar teburi. "To ki gaya mashi Imrana na cikin layi. Mi ya yi wahala a nan?"

"Baba, Imrana ya rasu."

"Ni za ki ba labari? Ni na riƙe buta sa'ad da anka wanke shi."

"To ai shi ne. Na'ura ba ta karɓar wanda ya rasu."

"Ita na'urar, uban wa ta taɓa rakawa maƙabarta da za ta san haka?"

Salmatu ta dafe kai da hannu biyu. Tun bayan azahar take abu ɗaya da mahaifinta a ofishin 'yan dako na tashar manyan motoci ta Jibiya, can kusa da shingen kan iyaka. Ɗaki ne guda, da fanka wadda ta daina juyawa tun bara, da benci, da sabuwar kwamfuta da aka lulluɓe mata teburi da leda kamar amarya. A waje tireloli na huci, masu babura na zagin juna, amma duk wanda ya wuce ta taga sai ya rage tafiya, don faɗan uba da 'ya ba kullum ake samunsa kyauta ba.

Kalilu shi ne sarkin 'yan dako, shekara ashirin da shida ke nan. Daga wajen Madarumfa ya tsallako yana saurayi, ba shi da komai sai gammo da baki, kuma har yau bakin bai tsufa ba. Ga yadda suke aikinsu tun kafin a haifi Salmatu. Mota in ta tsaya, ta masara ce za ta Maraɗi ko ta wake ce ta fito can, ba a rububi. Layi ake bi, mutum shida shida, Kalilu na kira daga ka. In ɗan dako ya mutu ya bar yara ƙanana, ba a cire sunansa. Layinsa in ya zo, sai biyar su ɗauki kayan shida, da yamma a kai rabonsa gidansa, har babban ɗansa ya isa saɓa buhu ko matar ta yi wani aure. Ba a rubuce yake ko'ina ba, kuma ba a taɓa fashi ba.

Imrana Sule kuwa sati biyar ke nan da ciwon ciki ya kwantar da shi kwana uku ya tafi da shi. Ya bar Mufida da yara uku, babbar ba ta kai ta ɗauki tulu ba. Su ma mutanen Madarumfa ne, ba su da kowa a Jibiya sai layin nan. In ya yanke, tana fita takaba sai ta ɗaure kayanta ta tsallaka wurin wani kawunta, wanda kowa ya san ko akuyarsa ba ta ƙoshi.

Ita na'urar masu motoci ne suka kawo ta. An daɗe ana gunaguni wai Kalilu na fifita mutanen ƙasarsu, har wata rana aka ba hammata iska aka fasa gilashin tirela. Sai Alhaji Lawwali, ciyaman ɗin ƙungiyar masu motoci, ya ɗauko wani kamfani daga Kano a yi masa abin da zai raba layi ba sani ba sabo. Kamfanin ya nemi ɗan gari wanda ya karanta kwamfuta, aka rasa ɗan gari, sai 'yar gari. Salmatu ta gama jami'a, ta yi bautar ƙasa, ta zauna gida shekara biyu tana taya uwarta surfe, mata na tambayarta ko takardar ce ta hana manema zuwa. Ranar da aka ɗauke ta, Kalilu har wa maƙiyansa ya raba goro.

Yadda take bayani in mata sun ritsa ta a gidan suna, abin ba dunƙule yake ba. Guntu guntu ne ake haɗawa kamar bututun famfo. Wani guntu na rubuta motar da ta shigo. Wani na karɓar yatsan 'yan dako da safe, a san wa ya fito aiki. Wani na raba layi, wani na buga wa mutum waya ya ce masa lokacinsa ya yi. Kowane guntu da irin bakinsa, kuma ba ya haɗiyar komai sai abin da aka yanka daidai bakin. Wannan yankan shi take kira siffa. Siffar mota ita ce lamba da direba da irin kaya. Siffar ɗan dako abu uku ce, suna da lambar waya da babban yatsa. In ɗaya ya ɓace sai allo ya yi ja, guntun ya ƙi miƙa wa ɗan'uwansa komai. Kuma ba abin banza ba ne, a faɗi gaskiya. Ranar da aka fara ɗaukar yatsu ya kama Shamsu, wani ƙaton ɗan dako mai dariyar kura, wanda ashe shekara biyu yana cin layi biyu da sunan wani ƙanensa da ke can Agadas. Salmatu ta yi kwana uku tana tafiya kamar an naɗa ta.

Yanzu ga shi abin ya juyo gidansu. Imrana na da suna, yana da lamba, amma yatsansa na ƙarƙashin ƙasa.

"Bari in kira Injiniya," ta ce.

"Kira shi. Ki ce mashi sarkin dako na gaishe shi, shi da matsattsen wandonsa."

Injiniya Abdulfatah shi ne babbanta a Kano. Ta fita bayan ofis inda ake samun sabis, ta tsaya tsakanin tsofaffin tayu, ta zayyana masa komai. Ta ce ai da hanya. A daina cewa layi na ɗan dako ne, a ƙirƙiri sabuwar siffa a kira ta mai layi, ta zama iri biyu: ko mai rai da yatsansa, ko mamaci da sunan gidan da za a kai rabonsa da ranar da za a sake dubawa. Guntun da ke raba layi ya karɓi duka biyun, na buga waya ya karɓi mai rai kaɗai.

Abdulfatah ya saurara har ta gama, sannan ya yi 'yar dariyar nan tasu ta mutanen Kano.

"Malama Salmatu, guntu nawa ne ke cin siffar ɗan dako?"

"Bakwai."

"Bakwai. Ki taɓa siffa, sai kin buɗe bakwai ɗin kin gyara, kin sake gwadawa. Yau Asabar. Litinin za mu kunna, Alhamis Alhaji zai zo ya gani da idonsa. Kuma me ya ce mu yi masa? Cewa ya yi yana son kowane suna ya kasance da mutum a tsaye a bayansa. Ke kuma kina so ki gina wa fatalwa ƙofa."

"Ba fatalwa ba ce, Injiniya, marayu ne."

"Allah ya raya su. A kai musu sadaka ranar Juma'a, ni ma zan sa hannu. Amma kar ki taɓa min siffa."

Ta koma ciki ta faɗa wa uban. Kalilu bai yi faɗa ba wannan karon. Ya zauna a benci yana juya hularsa.

"Da kina ɗaliba a lakwal," ya ce, "shekarar da bayana ya riƙe na kwanta wata huɗu, wa kike tsammani ya ɗauki buhuna? Imrana na cikin biyar ɗin. Shinkafar da kika tahi da ita makaranta, a wuyanshi ta hau."

"Baba, don Allah."

"Ban ce komi ba. Yatsa take so, ko? Yatsan wa ta sani?"

Ya ɗaga hannunsa na hagu. Na dama an riga an ɗauka da sunansa. Salmatu ta dubi yatsan, baƙi, ya tsattsage kamar gindin tukunya. Ta san ƙarya ce, ta kuma san duk abin da ta gina an gina shi ne don ya hana irin wannan ƙaryar. Ta yi ta kallonsa har wani direba a waje ya gama zagin yaron motarsa ya fara sabo. Sannan ta jawo 'yar na'urar yatsa ta tura masa.

"Lambarsa fa? Wayar na aiki?"

"Wa zai kunna ta? Tana can cikin akwati da rigunanshi."

Ya karanto lambar daga ka, ta rubuta. Allo ya yi kore. Imrana Sule ya zama ɗan dako mai rai, lafiyayye, ba abin da ya rage masa.

Litinin aka kunna. Kalilu ya riga kowa zuwa, ya danna dama don kansa, ya waiga, ya danna hagu don Imrana. Mota ta shigo, wayoyi suka yi ƙara, biyar suka ɗauki kayan shida kamar yadda aka saba, da yamma aka kai rabo. Talata ma haka. Kalilu har ya fara yabon abin, yana cewa ashe kwamfutar ma in an yi mata magana a hankali tana jin Hausa.

Abin da Salmatu ta manta shi ne muryarta. Da yake yawancin 'yan dako ba sa karatu, tun wata biyu baya ta zauna ta ɗauki sunan kowa da bakinta, don in waya ta yi ƙara mutum ya ji ana kiransa. A lokacin Imrana na nan da ƙafarsa. Guntun buga waya kuwa bai san mutuwa ba, bai san takaba ba. An miƙo masa ɗan dako cikakke, da suna da lamba, sai ya yi aikinsa. Wayar kuma ba a akwati take ba. Ita kaɗai ce waya a gidan, Mufida na ajiye ta a kan tabarma kusa da ita saboda masu gaisuwa daga Madarumfa.

Talatu mai ƙosai ce ta kawo labari ranar Laraba da hantsi, kuma kafin ta kawo shi ta biya da shi gida biyar. A gida na farko waya ce ta yi ƙara. A na uku an ji muryar mace. Kafin ya iso ga Salmatu, har an ce muryar kuka take yi.

Salmatu ta yafa mayafi ta tafi. Ta sami Mufida a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa a faranti, ta rame, idon ya faɗa. Tare suka yi Islamiyya, a benci ɗaya. Akwai kuma wata tsohuwar magana da unguwa ba ta manta ba, wai kafin Mufida, Imrana ya yi sallama a gidan Kalilu sau biyu da sabuwar hula, Salmatu ta aiko a ce tana karatu.

"Ina kwana, Mufida. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Zauna mana, mai murya."

Salmatu ta zauna a bakin turmi.

"Ranar Litinin ina salla ta yi ƙara," Mufida ta ce, ba ta ɗago ba. "Na sallame na ɗauka, ina tsammani innarshi ce. Sai na ji an ce, Imrana Sule, layinka ya zo, ka zo tasha. Na yar da wayar. Na ce ko kaina ne ya taɓu. Da la'asar ta sake. Jiya sau ukku. Babbar ɗiyata ta ji, ta ruga ɗaki ta ɗauko mashi gammo."

"Wallahi kuskure ne, Mufida. Na'ura ce."

"Na'ura ce ke da muryarki? Yana da rai kin ce kina karatu. Yanzu da ya kwanta kin sami lokacin kiranshi sau ukku a yini."

Maganar ta shiga Salmatu har ƙashi, amma ta haɗiye. Ta yi bayani yadda za ta iya, siffa da yatsa da guntu, tana jin kalmomin na faɗuwa a tsakar gidan kamar tsakuwa. Mufida ta saurara, ta ture wata ƙwayar shinkafa baƙa gefe.

"Ni ban gane ba. Abu ɗaya zan tambaye ki. In kiran ya tsaya, abin da ake kawowa da marece zai tsaya?"

"A'a. Ba zai tsaya ba."

"Kin tabbata? Don in sai da kiran, bar shi. Zan sa ta ƙarƙashin matashi. Na iya jin komi, yunwar yara ce ban iya ji."

"Na tabbata. Ba za ki sake jin sa ba, kuma layi na nan."

Ta koma ofis da zafinta. Gurbin lamba ba ya zama fanko, siffa ta hana. Ta sa lambar Kalilu, allo ya yi ja, ya ce wannan lambar da mai ita. Ta ƙirƙiro wata daga ka, sai ta tuna wani bawan Allah ne a Gusau ko Zariya zai riƙa shan kira. Sai ta sa tata. Da la'asar wayarta ta yi ƙara a jaka, ta ɗauka, ta ji kanta tana kiran Imrana tasha. Ta kashe. Daga nan ta jawo takarda ta zana sabuwar siffar nan mai iri biyu, da guntaye bakwai da abin da za a canza a kowanne, tana cewa in Alhamis ta wuce lafiya za ta sake tuntuɓar Injiniya a hankali.

Alhamis ta zo da rana mai zafi. Tun safe Abdulfatah ke kiranta, ya wuce Katsina, ya iso Daddara, ina ne kwanar tasha, don haka ta ƙure ƙarar wayar kar ta rasa kiransa. Ya iso da wandon da Kalilu ya faɗa, ba ƙari. Alhaji Lawwali ya zo bayansa da babbar riga da turaren da ya kori warin gas daga ɗakin. Aka ba shi kujera ɗaya tilo. 'Yan dako suka cika taga da bakin ƙofa, kowa da wayarsa a hannu kamar masu jiran sakamako.

Tirelar masara ta shigo, ta Alhajin ce ma. Salmatu ta rubuta lamba da direba da kaya. Sunaye shida suka fito a allo. A waje waya ta fara ƙara, wata ta karɓa, wata ta karɓa, maza na ihu suna ɗaga hannu. Alhaji ya yi murmushi har haƙorin makka ya fito. Ta biyar ta yi. Ta shida kuwa a cikin ɗakin ta tashi, daga jakar da ke rataye a kujerar Salmatu, da ƙarfinta duka.

"Ɗauki mana," Abdulfatah ya ce da fara'a. "Ko surukai ne?"

Ba ta motsa ba. Wayar ta yi ta yi har ta gaji. Abdulfatah ya leƙa taga ya ƙirga hannuwa.

"Biyar na gani. Ina na shidan? Imrana Sule!"

Ba wani hannu da ya ƙaru.

"Wane Imrana?" Alhaji Lawwali ya ce. "Ba wanda muka kai watan jiya ba? Ni na ba da motar da ta ɗauki mutane."

Abdulfatah ya sunkuya kan allo, ya buɗe sunan, ya dubi lambar, ya ciro tasa wayar ya gwada da wadda ya yini yana kira. Fara'ar ta bar fuskarsa a hankali.

"Yau da ƙarfe shida da rabi ya danna yatsa," ya ce. "Mamacin naku na da sammako."

Salmatu ta miƙe. Ta ce ita ta shigar da shi. Ta faɗi al'adar, ta faɗi Mufida da yara uku, ta ciro takardar jiya ta shimfiɗa a teburi. Ta nuna da yatsa: ga mai rai, ga mamaci, kowa da siffarsa a fili, ba ɓoye ba ƙarya, kowa ya ga sunan gidan da ranar da zai ƙare. Kwana goma take nema.

Abdulfatah ya ɗauki takardar ya karanta har ƙasa, kuma ya daɗe a kai.

"Aikin ya yi kyau," ya ce. "Da a makaranta ne da na ba ki maki. Amma ba ni ke da mota ba."

Duk aka dubi Alhaji. Shi kuwa ya san al'adar nan sarai, shekara da shekaru yana ganin biyar na lodin shida yana kau da kai. Ya gyara hannun riga.

"Yarinya, mutum biyar in suna lodin tirela, awa guda suke ƙara min. Awa gudan nan ita ke sa in tarar da layin duwan, wato kwastan, ya kai kasuwa, motata ta kwana a shinge. Da ba yadda zan yi. Yanzu na kawo abin da zai ba ni shida, ke kuma kina so ki koya masa ba ni biyar da hatimi. Taimakon marayu lada ne, kowa ya yi da aljihunsa. Ban da bayan motata."

Kalilu ya taso daga benci ya nufi taga.

"Ku kun ji. Shekara nawa muna wanga abu? Ku faɗa mashi da bakinku ku kuka yarda. Wa ya taɓa kuka da buhun Imrana?"

Wani ya duƙa gyaran takalmi. Wani ya ga abin sha'awa a wayarsa. Sai Shamsu, wanda har yau bai huce da layinsa na biyu ba, ya yi gyaran murya.

"Sarki, mu ma bayanmu na ciwo. Da kai ke kira, kunya ke sa mu yi shiru. Yanzu na'ura ta ce babu, to mu mi za mu ce?"

"Kai, Shamsu? Ranar da taka ta zo fa?"

"In ta zo, ai ba ni nan balle in ji haushi."

Wasu suka yi dariya, gajeriya, suka haɗiye ta.

"Kalilu," Alhaji ya ce a hankali, kamar mai ba da shawara, "shekara ashirin da shida ba kwana biyu ba ce. Ka yi ƙoƙari. In riƙon ya fara yi maka nauyi, akwai samari. Ni ba na son in ga dattijo na wahala."

Salmatu ta dubi ubanta. Ta san fuskar nan tun tana goye, ta san yadda jijiyar wuyansa ke tashi kafin ya yi aman wuta, ta jira ta tashi. Ba ta tashi ba. Sandar ce ma ya jingina da bango, ya sa hannu biyu a baya kamar ɗan makaranta.

"Allah ya ba ka nasara, ai ba a kai nan ba," ya ce. "Kuskure ne na yara. Salmatu, goge shi. Allah ya jiƙan Imrana."

"Na yara, Baba?"

"Goge shi, na ce."

"Ba ya goguwa," ta ce. "Ni na tsara shi haka, don kar wani ya fitar da wani daga layi saboda ƙiyayya. Ba mai fita sai da yatsansa."

"Daga Kano zan iya cire shi gobe," in ji Abdulfatah.

"Motata yau take lodi," in ji Alhaji. "Yatsan wa aka sa?"

Kalilu ya tako, bai dubi 'yarsa ba, bai dubi taga ba. Ya goge babban yatsansa na hagu a gaban riga, sau biyu, ya ɗora a kan 'yar na'urar. A taga wani ya ce la'ilaha illallahu ƙasa ƙasa.

Allo ya yi kore. Rubutu ya fito, wanda Salmatu ta rubuta da hannunta wata biyu baya, Abdulfatah kuma ya karanta shi da ƙarfi don Alhaji ya ji: Imrana Sule ya fita daga layi da yardarsa. Nan take wata waya ta yi ƙara a waje, wani ya ce ga ni, ya ruga wajen tirela.

"Ka ga aiki," Alhaji ya ce. "Shida cif."

"Zauna mu ci gaba, Malama," Abdulfatah ya ce, yana ninke takardarta yana turawa gefe. "Maganarki da ofis sai mun koma."

Kalilu ya matso kusa da ita, ya rage murya yadda baƙi ba za su ji ba.

"In an tashi ki biya wurin Mufida. Ke mace ce, kin fi ni iya magana. Ki ce mata ta yi haƙuri, abin ya fi ƙarfinmu."

"Jiya na ce mata na tabbata, Baba. A tsakar gidanta, da bakina."

"To ya za a yi? Ki lallashe ta."

Salmatu ta zare jakarta daga kujera.

"Kai ne Imrana tun Litinin," ta ce, kuma ba ta rage murya ba. "Kai ka fita da yardarka. Je ka gaya wa matarka da kanka."

'Yan bakin ƙofa suka dare mata hanya. Ta fita, ta kamo ƙofar ƙarfen da hannu biyu, ta maka ta da ƙarfin da sai da ƙasa ta zubo daga silin a kan babbar rigar Alhaji.